Hayaniyar da kunne ba ya ji: Abin da ke hana na'urorin gida masu aika saƙo ta wayar wuta bin umarni

A gidaje da yawa matsalar takan fara ne da faɗuwar rana. Fitilar ƙofar gida da aka tsara ta riƙa kamawa da kanta a lokacin magariba sai ta ƙi, alhali da hantsi an gwada ta sau uku tana amsawa. A wani gidan kuma fankar ɗaki ce ke tashi da tsakar dare ba tare da kowa ya taɓa ta ba. A wani wurin maigida ne tsaye gaban ɗan akwatin loda katin wuta, ya danna lambobin nan ashirin har ya kusa haddace su, allon yana ta nuna masa cewa bai samu haɗuwa da mita ba, ga shi kuɗin wutar saura ƙiris ya ƙare.

Abin da ya haɗa waɗannan na'urori shi ne dukkansu suna magana da junansu ta cikin wayar wutar da ke binne a bangon gida. Ba a ja musu wata waya ta daban ba. Da zarar sun fara gardama, yawancin mutane kan yanke hukuncin cewa na'urar ce ta lalace, sai a sayo sabuwa, ita ma bayan kwana biyu ta kama halin ta farko. Sau da yawa na'urar lafiyarta lau, hanyar da saƙon ke bi ce ta samu matsala, kuma gano inda matsalar take aiki ne da ya fi buƙatar haƙuri da tsari fiye da kuɗi.

Yadda saƙo ke hawa wayar wuta

Wutar da ke shigowa gidajen Najeriya tana da ƙarfin bolt 230, kuma tana kai da komowa sau 50 a kowace daƙiƙa. A duk kai da komowa ɗaya, ƙarfinta yakan sauko ya ratsa sifili sau biyu, wato sau 100 ke nan a daƙiƙa. A daidai wannan ɗan lokaci ne wayar ta fi yin tsit, shi ya sa injiniyoyin farko suka zaɓe shi don jefa saƙo.

Tsarin da ya fara shahara shi ne X10, wanda kamfanin Pico Electronics na garin Glenrothes a ƙasar Sikotilan ya ƙirƙira a shekarar 1975, kayansa suka shiga kasuwannin Amurka a 1978. Na'urar da ke ba da umarni takan jira wutar ta ratsa sifili, sai ta saki wani ɗan bugu mai kaɗawa sau 120,000 a daƙiƙa, abin da masana ke kira kilohaz 120, na tsawon kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Samuwar bugun ko rashinsa su ne baƙaƙen da ake harhaɗa saƙon da su. Kowace na'ura tana da adireshi mai harafi ɗaya daga A zuwa P da lamba ɗaya daga 1 zuwa 16, jimilla adireshi 256. Aika cikakken umarni guda, kamar a ce fitila ta uku ta kama, yakan ci kusan daƙiƙa ɗaya.

Raunin tsarin a fili yake. Bugun bai wuce 'yan bolt kaɗan ba a lokacin da ya fito, kuma yana ƙara raguwa a kan hanya, a cikin wayar da ke ɗauke da bolt 230. Sannan a tsarinsa na asali, na'urar da aka aika wa umarni ba ta mayar da amsa, don haka mai aikawa ba shi da hanyar sanin ko saƙon ya isa.

Tsare-tsaren da suka biyo baya sun yi ƙoƙarin toshe wannan ɓaraka. UPB, wanda ya fito a Amurka a 1999, yana amfani da bugu mai ƙarfi sosai fiye da na X10. Insteon, wanda ya zo a 2005, yana aiki a kan kilohaz 131.65, na'urorinsa suna maimaita wa juna saƙo, suna tabbatar da isarsa, da yawansu kuma suna haɗawa da zangon rediyo. A Turai akwai reshen tsarin KNX da ke bin wayar wuta a kan kilohaz 110. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 50065 ta keɓe kilohaz 3 zuwa 95 ga kamfanonin wuta don sadarwar mitocinsu, ta bar wa masu gida daga 95 zuwa 148.5. Akwai kuma na'urorin da ke kai intanet daga ɗaki zuwa ɗaki ta soket, irin su HomePlug AV, waɗanda ke aiki can sama tsakanin megahaz 2 zuwa 30.

Duk da bambancinsu, abu guda ne ya haɗa su. An shimfiɗa wayar gida ne don ta ɗauki wuta, babu wanda ya tsara ta don sadarwa, kuma duk abin da aka jona a soket ya zama abokin tarayya a kan hanyar.

Na'urori masu hayaniya

Wanda ya taɓa ƙoƙarin yi wa wani magana a gefen injin niƙa ya san cewa muryarsa tana fita, sai dai ƙarar injin ta danne ta. Irin wannan ne ke faruwa a cikin waya. Hayaniyar lantarki wata kaɗawa ce da ba a buƙata, wadda wasu kayan wuta ke mayarwa cikin layi yayin da suke aiki. Idan ta faɗa kusa da zangon da saƙon ke bi, mai karɓa ba ya iya bambance umarni da shirme.

A shekarun da aka ƙirƙiri X10, kayan wutar gida sun haɗa da irin su ƙwan fitila mai zare, dutsen guga, fanka da firiji, kuma yawancinsu ba su da hayaniya a wannan zango. Yau lamarin ya sauya. Cajar salula, cajar kwamfutar tafi-da-gidanka, akwatin tauraron ɗan'adam, talabijin da ƙwayayen fitila na LED duk suna da wani ɗan sashe a ciki da ke datse wuta yana sake ta sau dubbai masu yawa a daƙiƙa, domin ya mayar da ita ƙaramar wutar da na'urar ke ci. Wannan dabara ce ta sa cajar zamani ta zama ƙarama marar nauyi. Sai dai kowace datsewa tana haifar da kaɗawa, tare da wasu da ke ninka ta sau biyu, sau uku, har sama. Cajar da ke aiki a kan kilohaz 60, alal misali, ninkinta na biyu yana sauka daidai kan kilohaz 120.

Kamfanonin da ke bin ƙa'ida suna sanya matata a cikin kayansu don hana wannan hayaniya komawa cikin layi. Masu yin kaya masu araha sukan cire matatar don rage kuɗi, kuma mai saye ba zai gane ba, tun da fitilar tana haske, cajar tana caji. Haka nan na'urar da ta fara da kyau tana iya zama mai hayaniya bayan shekaru, idan kafasitocin cikinta suka bushe saboda zafi. Wannan ne ya sa tsarin da ya yi shekara biyu yana aiki lafiya zai iya rikicewa ba tare da an sayo sabon abu ba.

Sauran masu hayaniyar sun haɗa da makunnin rage hasken fitila, wanda ke yanke wuta a tsakiyar kowace kaɗawa, da injuna masu gawayi a cikin motarsu kamar bilenda da injin huda bango, da na'urorin sanyaya ɗaki da firijin zamani masu inbata a ciki, da inbatar wutar sola. Akwai kuma waya da ta saki a cikin soket ko a akwatin rarraba wuta, tana tartsatsi a ɓoye.

Hayaniya takan hana umarni isa, wani lokacin kuma takan ƙirƙiri na ƙarya. A tsofaffin tsare-tsare marasa ƙwaƙƙwaran bincike, jerin bugun hayaniya yana iya yin kama da umarni, sai fitila ta kama da kanta. Haka nan idan maƙwabci da ke kan taransifoma ɗaya yana da irin tsarin, kuma ya bar nasa a kan harafi iri ɗaya, umarninsa zai iya tsallakowa.

Na'urori masu shanye saƙo

Kashi na biyu ya fi wuyar ganewa, domin su ba sa fitar da ƙara ko kaɗan. Matatar nan da kamfanonin kirki ke sanyawa tana ɗauke da kafasita da ke tsakanin wayar wuta da wayar komawa. Ga wutar da ke kaɗawa sau 50, wannan kafasita tamkar rufaffiyar ƙofa ce. Amma turjiyar kafasita tana raguwa ne gwargwadon ƙaruwar kaɗawa, don haka a kilohaz 120 turjiyarta ta ragu sau 2,400. Aikinta shi ne ta shanye duk wata kaɗawa mai sauri, kuma ba ta san bambanci tsakanin hayaniya da umarnin maigida ba.

Saboda haka talabijin mai tsada, kwamfutar tebur, na'urar ajiye wuta ta UPS da doguwar soket mai kariya daga tsawa duk suna iya raunana saƙo. Guda ɗaya ba ta cika yin illa ba, amma idan suka taru biyar ko shida a layi ɗaya, abin da zai isa ɗakin ƙarshe ba zai ishi mai karɓa ba.

Akwai wata alama da ke taimakawa wajen bambance kashin biyu. Mai hayaniya yakan fi yin ɓarna lokacin da yake aiki, shi kuwa mai shanyewa yana yin tasa ko da an kashe shi da rimot, muddin yana jone a soket mai wuta. Don haka a wajen gwaji, kashe talabijin da rimot bai wadatar ba, sai an zare filoginsa ko an kashe makunnin soket ɗin.

Inda hanyar ta yanke

Kashi na uku shi ne wanda ya fi shafar gidajenmu. Gidan da ke da wuta mai layi uku, a haƙiƙa hanyoyi uku ne daban-daban da ba su haɗu ba sai a taransifoma. Idan mai ba da umarni yana kan layi na ɗaya, fitilar kuma tana kan na uku, dole saƙon ya fita daga gidan, ya je taransifomar unguwa, ya dawo ta ɗaya layin, kuma kaɗan ne daga cikinsa ke tsira. A Amurka ma an daɗe da sanin irin wannan matsala, inda wutar gida ke zuwa a rabe biyu. A Najeriya an ƙara da al'adar sauya layi a duk lokacin da ɗaya ya yi rauni ko ya ɗauke, don haka na'urori biyu da suke kan layi ɗaya jiya, yau suna iya wayar gari a layi daban-daban.

Sai kuma makunnin sauya wuta tsakanin ta kamfani da ta janareta, da tsarin inbata. A gidaje da yawa an raba wayoyi gida biyu: fitilu, fanka da talabijin suna bayan inbata, dutsen guga da na'urar sanyaya ɗaki suna kan wutar kamfani kai tsaye. Saƙon da zai tsallaka daga wannan ɓangare zuwa wancan sai ya ratsa cikin inbatar, kuma da wuya ya fito da ƙarfinsa. Sitabilaiza ma haka take, domin naɗin wayar da ke cikinta yana tare kaɗawa mai sauri.

Ingancin wutar kanta yana da tasiri. Tsare-tsaren da ke dogaro da ratsa sifili suna buƙatar wuta mai tafiya daidai. Ƙaramin janareta yakan yi sama da ƙasa a gudunsa duk lokacin da firiji ya tashi, sai lokacin ratsa sifilin ya riƙa gocewa. Inbata mai araha, wadda wutarta ke fitowa hawa-hawa kamar matakala maimakon lanƙwasa mai santsi, tana rikita wannan lissafi, kuma kaifin matakalar kansa hayaniya ne.

Waɗanda ke sayo kayan daga Amurka suna da ƙarin matsala. An ƙera su ne don bolt 120 da kaɗawa 60. Jona su ta ƙaramar taransifomar rage wuta yana iya hana su ƙonewa, amma taransifomar za ta tare mafi yawan saƙon.

Matakan bincike

Mataki na farko ba ya buƙatar taɓa waya. A samu takarda a riƙa rubuta lokacin da matsalar ke faruwa har na kwana uku zuwa mako guda: ƙarfe nawa, wace wuta ake kai, ta kamfani ko janareta ko inbata, kuma me ke kunne a gidan. Idan kullum da magariba ne, a dubi fitilun tsaro da ke kamawa a lokacin. Idan da safe ne lokacin ɗiban ruwa, a dubi injin rijiyar burtsatse. Idan daga hantsi ne zuwa la'asar, inbatar sola ce abar tuhuma ta farko. A kuma tuna ko an shigo da sabon abu gidan a 'yan kwanakin, ko da caja ce ta baƙo.

Mataki na biyu shi ne wanke na'urorin daga zargi. A jona mai ba da umarni da mai karɓa a soket ɗaya, ko a doguwar soket marar kariyar tsawa, a gwada sau goma. Idan suka amsa duka goma, lafiyarsu ƙalau, matsalar tana kan hanya. Idan suka ƙi, a kai su wani gida a sake gwadawa kafin a ce sun lalace, domin mai yiwuwa hayaniyar ce ta cika gidan baki ɗaya.

Daga nan sai a riƙa matsar da mai karɓa ɗaki-ɗaki, ana nisanta shi, ana rubuta sau nawa ya amsa cikin goma. Idan amsar tana raguwa sannu a hankali, alamar raunin saƙo ce. Idan ɗakuna biyu suna amsawa sarai, na uku da ke manne da su kuma shiru, to wataƙila yana kan wani layin ne ko yana bayan inbata.

Mataki na huɗu yana gaban akwatin rarraba wuta. Maigida zai iya ɗaga makunnan da ke fuskar akwatin ya sauke su, amma kada ya kwance murfin. A bar layin mai aikawa da na mai karɓa a kunne, a kashe sauran duka, bayan an kashe kwamfuta yadda ya kamata kuma an tabbatar babu wata na'urar jinya da ke jone. Idan saƙo ya fara isa, mai laifin yana cikin waɗanda aka kashe. Maimakon kunna su ɗaya bayan ɗaya, a kunna rabi a gwada, sannan a raba rabin da matsalar ta bayyana a ciki gida biyu. Ta wannan hanya, akwati mai makunni 16 gwaji huɗu kawai yake buƙata. Idan aka ga kowane rabi yana kawo matsala, masu laifin sun fi ɗaya, sai a koma bin su ɗaya bayan ɗaya.

Bayan an gano layin, sai a zare duk abin da ke jone a kansa, a kashe fitilunsa, a riƙa mayarwa ɗaya-ɗaya ana gwadawa. Kada a manta da abubuwan da ido ya saba da su har ya daina gani, kamar cajar da ke bayan gado, fitilar caji da ke rataye a bango, ko ƙararrawar ƙofa.

Ƙaramar rediyo mai batir tana taimakawa sosai. A juya ta zuwa matsakaicin zango, can ƙasa inda babu tasha, a riƙa kusantar da ita ga caja da ƙwayayen fitila da soket. Na'ura mai hayaniya za ta sa rediyon ta yi ƙugi ko ƙara mai kaifi, da zarar an zare ta kuma sai ƙarar ta ɗauke. Amma a san iyakar wannan gwaji. Matsakaicin zango yana farawa ne daga wajen kilohaz 530, don haka abin da rediyon ke ji ninkin hayaniyar ne, kuma kusan kowace caja tana ɗan yin ƙara idan aka manna mata rediyo. Wadda ake jin ƙararta daga nesa, ko ake jin ta a sauran soket na gidan, ita ce abar zargi. Rediyo kuma ba ta iya nuna masu shanye saƙo.

Ƙwararru suna da na'urar awo da ake jonawa a soket, mai nuna ƙarfin saƙo da na hayaniya a kowane ɗaki. Ga babban gida ko otal, kiran mai irin wannan na'ura ya fi sauƙi a kan sayen kaya bisa zato.

Idan aka kashe komai na gidan amma hayaniyar tana nan, daga waje take shigowa: shagon walda ko injin niƙa da ke kan taransifoma ɗaya, inbatar maƙwabci, ko haɗin waya da ya saki a kan turken wuta. Na ƙarshen aikin kamfanin rarraba wuta ne, sai a kai musu rahoto.

Magani gwargwadon cuta

Idan mai laifin caja ce ko ƙwan fitila, sauya shi da mai inganci shi ne mafi araha. Idan kuwa abu ne da ba za a iya rabuwa da shi ba, kamar talabijin ko kwamfuta, akwai matata da ake sanyawa tsakanin filoginsa da soket. Tana barin wuta ta wuce, tana tare kaɗawa mai sauri ta kowane ɓangare, don haka tana maganin mai hayaniya da mai shanyewa gaba ɗaya. Dole ne a duba cewa an yi ta don zangon tsarin da ake amfani da shi, kuma za ta iya ɗaukar nauyin wutar da na'urar ke ja, domin matatar da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta takan yi zafi.

Matsalar layi uku ana magance ta da wata na'ura da ake sanyawa a akwatin rarraba wuta, mai tsallakar da saƙo daga layi zuwa layi ba tare da ta haɗa wutar kanta ba. Akwai mai tsallakarwa kawai, akwai kuma mai karɓar saƙon ta sake fitar da shi da ƙarfi. Kuskuren da ake yawan yi shi ne sayen mai ƙara ƙarfi alhali hayaniya ce ke damun gidan. Idan ita ma ba ta ji saƙon da kyau ba, babu abin da za ta maimaita. A fara kawar da hayaniya tukuna.

Umarnin da ke tsallakowa daga maƙwabta ana maganinsa da sauya harafin adireshi. Na'urorin intanet na soket kuwa a jona su a bango kai tsaye, nesa da caja. Su kansu suna iya zama masu hayaniya ga wasu, domin zangonsu ya hau kan na gajeren zangon rediyo, wanda har yanzu masu sauraren shirye-shiryen Hausa da dama ke kamawa.

Akwai gidajen da tsarin wayarsu ya rarrabu tsakanin layi uku, janareta da inbata har ya zama gyaran ya fi sauyawa tsada. A nan ya dace a duba tsare-tsaren da ke bin iska kamar Zigbee, Z-Wave ko Wi-Fi, tare da sanin cewa su ma bangon siminti da dakin kankare suna raunana su.

Batun mitar kati

Mafi yawan 'yan Najeriya da suka taɓa karo da wannan fasaha sun same ta ne ta hanyar mitar kati mai rabe biyu, wadda mitar ke kan turke ko a waje, ɗan akwatin loda katin kuma yana cikin gida. Wasu suna sadarwa ta rediyo, wasu ta keɓantacciyar waya, amma da yawa ta wayar wuta suke yi, don haka duk abin da aka bayyana a sama ya shafe su.

Idan akwatin ya ƙi haɗuwa da mita, a fara mayar da makunnin sauya wuta kan layin kamfani, a kashe janareta da inbata. A jona akwatin a soket na bango kai tsaye, wanda ba ya bayan inbata ko sitabilaiza, kuma a tabbatar makunnin soket ɗin a kunne yake ko da babu wuta a gidan, domin ta nan saƙon zai bi. Idan kuɗin wutar ya riga ya ƙare, batir ne ke riƙe akwatin, don haka a sa masa sababbi. A zare caja, a kashe fitilun LED, a gwada soket mafi kusa da inda wuta ke shigowa gidan. Dole ne kuma ya kasance akwai wuta a layin kamfani a lokacin, in ba haka ba mitar ba za ta amsa ba.

Wanda ke tunanin sanya babbar matata a mashigar wutar gidansa don tare hayaniyar waje ya lura cewa tana iya tare saƙon mitarsa ma. Idan duk an bi waɗannan matakai abin ya ci tura, kamfanin rarraba wuta ne ke da hurumin duba mitar. Buɗe ta ko taɓa hatiminta laifi ne a doka. Wanda bai gamsu da yadda kamfanin ya saurari kokensa ba yana iya ɗaukaka shi zuwa ofishin sauraren koke na Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Ƙasa, NERC, ko hukumar jiha a jihohin da suka karɓi wannan aiki bayan Dokar Wutar Lantarki ta 2023.

Inda binciken maigida ya tsaya

Akwai hayaniyar da ba a yi mata matata. Idan rediyo tana ƙarar tartsatsi a kusa da wani soket ko makunni, ko ana jin ƙaurin roba, ko fuskar soket ta yi zafi ko ta sauya launi, ko fitilu suna kyaftawa duk lokacin da aka taɓa filogi, wannan alamar waya ce da ta saki, kuma irinta ce ke haddasa gobara. A kashe layin nan take. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a irin wannan yanayi gardamar fitilar ce ta nuna inda tsagewar take.

Duk aikin da ya kai ga buɗe akwatin rarraba wuta, kwance soket ko sanya na'urar haɗa layi, na ƙwararren mai aikin wuta ne. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ce ke ba masu wannan sana'a takardar shaidar ƙwarewa, kuma maigida yana da haƙƙin neman ganinta kafin ya miƙa aiki.

Ga wanda yake shirin sanya irin wannan tsari a sabon gida, ya fi dacewa ya fara sayen na'urori biyu kawai, ya gwada su a kowane ɗaki, da rana da dare, a kan wutar kamfani da janareta da inbata, kafin ya biya kuɗin sauran. Ya kuma nemi mai aikin wutar ya rubuta masa a jikin akwatin wane makunni ne ke riƙe wane ɗaki, kuma a kan wane layi yake. Ranar da fitilar ƙofa ta ƙi kamawa, wannan rubutu ne zai taƙaita binciken daga mako guda zuwa yammaci ɗaya.